Rumbunmu Daga Sama

Zuwa ga Malam Sha'ibu, Cadawa.

Assalamu alaikum. 'Yarmu Zakiyya da jaririnta lafiya lau. Ni ce sanyin Faransa ya kama wa gwiwa, amma da sauƙi. Yaya ƙafar Inna?

Malam, na ga ikon Allah! A ordinatar Zakiyya, wato kwamfutarta, akwai wani shiri da take so, mai nuna duniya daga sama. Ta nuna mini gidanmu, har tsamiyar ƙofa. Na yi sallama, suka yi ta dariya.

Amma rumbu biyu na gani, alhali uku na bari. Ta ce tsohon hoto ne, amma hankalina bai kwanta ba. Hatsin zai kai ku damina? Ka rubuto mini gaskiya kafin ranar zaɓe.

Matarka Hamdiya, da hannuna na rubuta.