Hannun da Ke Bayan Zana

Zuwa ga aminiyata Ramatu,

Assalamu alaiki. Ina gaishe ki gaisuwar da ake yi wa na kwance, Allah Ya sa kina cikin rahama. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da ranki ma ba karantawa za ki yi ba, ke da kike cewa makarantar boko, lakwal a bakinku na Nijar, ta 'ya'yan jandarma ce. Amma abu ya tsaya mini a wuya, kuma duk faɗin Jibiya na rasa wanda zan gaya wa sai ke.

Bari in fara ba ki labarin gari. Bakin boda ba yadda kika bar shi yake ba. Kantin Ɗan Agadas, inda muke sayen gishiri da sukari mai ƙwaya, an rushe shi an jera shagunan waya. Buzu mai shayi ya bi ki, 'ya'yansa sun sayar da teburin har da bencin. Firamaren da ke bayanmu tana nan, sai dai rabin azuzuwan mutanen ƙauye ne a ciki da tabarminsu, waɗanda 'yan bindiga suka koro. Rumfarmu kuwa, inda muka ƙarar da ƙuruciyarmu muna ciyar da direbobi, mai faci ne a wurin yanzu. Daidai inda murhunki yake, nan yake jibge tsofaffin tayoyi.

Kada ki ɗauka an manta da da. Ina! Tuna baya ma shi ne yayi yanzu. Yaran nan na firamare da ke rugowa bakin zana idan an tashi tara, kina miƙo musu ƙanzo ta wannan 'yar kafar, duk sun zama manya. Wasu na Katsina, wasu na Abuja, sun yi tumbi. Sun haɗa ƙungiya a waya, kullum suna ciki suna ta ina kantin wane, ina malam wane mai bulala, wayyo tuwon Indo, wayyo miyar Indo. Ɗana Kabiru ne ke kunna mini in ji. Miyar Indo, Ramatu. Yaushe na taɓa yin miya a rumfar nan in ba kin kwanta ciwo ko kin haye gida biki ba?

Kin san yadda mutanenmu suke. Wadda ke zaune a gaba da mara a hannu, tana zubawa tana faɗa da kwastoma, ita ce mai abinci, sunanta ake kira. Ta bayan zana hayaƙi ne rabonta. Ni ce mai baki, ke ce mai hannu, kowa a cikinmu ta san wannan. Ashe mu biyun ne kawai muka sani.

Kafin Babbar Sallah sai ga Lawali ya zo gidana da mota. Kin gane shi? Mai yagaggen wandon nan da kullum shi ke fara isa bakin zana, har kike ware masa ƙanzon gindin tukunya don kin ce idonsa idon yunwa ne. Yanzu Alhaji ne, shi ne shugaban ƙungiyar. Ya durƙusa ya gaishe ni, ba laifi. Ya ce za su yi taron tsofaffin ɗalibai bayan Sallah, suna so in yi musu tuwo da miyar nan tawa, irin ta da, su tuna ƙuruciya. Na ce masa miyar ba tawa ba ce, ta Ramatu ce, kuma Ramatu ta rasu. Ya ce wace Ramatu. Ya yi ta lalube a ransa, can ya ce ko wannan 'yar Nijar ɗin da ke mini wanke-wanke. Sannan ya yi dariya, wai Hajiya akwai ƙanƙan da kai.

Mai wanke-wanke. Hannun da ya ciyar da shi ke nan.

Na amsa masa zan yi. Kabiru har ya yi mamaki, don ya san rabona da babbar tukunya tun da gwiwa ta kama ni. Ban gaya masa dalilina ba, amma ke zan gaya miki. Na ce a raina bari su ci. A cikin mutanen nan dole a samu ko ɗaya da zai kai loma ya yamutsa fuska ya ce Hajiya, ba ita ba ce. Shi kawai nake nema. In ya faɗa, shi ke nan, gari ya shaida kin taɓa zama a cikinsa.

Kuma wallahi ban yi ha'inci ba. Duk abin da kike yi na yi. Na aika ƙauyen Farfaru aka kawo mini karan gero, na ƙona na tace ruwan toka, don kin ce kanwa ta ragwaye ce. Na gasa daddawa a kan garwashi kafin in daka. Kukar da aka shanya a inuwa na nema, ba ta rana ba. Na sauke tukunya daga wuta sannan na kaɗa, kamar yadda na ga kina yi shekara da shekaru. Da na ɗanɗana sai na ji abin da na san zan ji. Miya ce, ana iya ci. Amma ba taki ba ce, ko kusa. Irinta ce nake yi ranar da ba kya nan, tsofaffin direbobin Maraɗi su kai loma ɗaya su ɗaga kai su kalli zana, su tambaya ko ta ciki ba ta da lafiya. Su sun sani. Ga su can duk sun riga mu.

Ranar taro aka kafa rumfuna a filin makarantar. Aka jera kujeru, aka zuba musu. Ni ina gefe a zaune ina bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jiran sakamakon asibiti. Lawali ya kai loma ya lumshe ido, ya rantse da Allah ita ce, ko gishiri bai canza ba. Na kusa da shi ya ce shi ƙamshin kaɗai ya mayar da shi aji uku. Wani har da share ƙwalla. Na jira, Ramatu. Na jira har aka fara suɗe kwanuka. Ko mutum ɗaya bai yamutsa fuska ba.

Daga baya suka kira ni gaba, suka ɗora mini turmin atamfa a hannu, suka yi ta ɗaukar hoto. Aka miƙo mini lasifika. Na ce musu: "Mai miyar da kuke tunawa sunanta Ramatu, ta garin Ɗan Isa a Nijar. Ni zubawa kawai nake yi." Suka haɗa baki suka ce Allah Ya jiƙanta, kamar yadda ake ce wa gawar da aka wuce da ita a hanya. Sai wani daga baya ya ɗaga kwano yana tambaya ko da sauran miya.

To me suke tunawa, don Allah? In harshensu bai san bambanci ba, kewar me suke yi a wayar nan dare da rana? Na gane ba kanti suke kewa ba, ba makaranta ba, ba mu ba. Kansu suke kewa, lokacin da ba su da furfura.

Ke ma da laifinki, yau sai na faɗa. Sau nawa na ce ki fito gaba ki zauna, ko na yini ɗaya? Kika ce kunya, kada 'yan'uwanki maza su ji bazawararsu na sayar da abinci a tasha. Ina 'yan'uwan suke lokacin da hayaƙi ya cinye miki ido? Ɗiyarki Hadiza ce ta zo ta ɗauke ki zuwa Maraɗi. Kin ɓuya don mutanen da ba su taɓa tambayar me kika ci ba, kin bar ni da sunan da ya fi ƙarfina. Kuma kika tashi barin duniya sai lokacin da aka rufe boda. Tafiyar da ba ta kai a dafa wake ba, amma a waya na ji rasuwarki, a waya na yi gaisuwa. Na so in bi ta daji a babur, Kabiru ya rantse ba zan fita ba. Har yau ban san inda kabarinki yake ba.

Abin da ban taɓa gaya miki ba kuwa, kullum muna faɗa a kan gishiri, ina cewa kin cika hannu. Baki ne kawai. Ban taɓa cin abinci irin naki ba, kuma ba zan sake ci ba. Mu ba ma irin wannan magana a tsakaninmu, shi ya sa na bari sai yanzu da ba ta da amfani.

Atamfar ban ɗinka ba. Na ba wani direba ya kai wa Hadiza Maraɗi. Na ce ya gaya mata mutanen Jibiya ne suka yi taro suka tuna da uwarta, suka ce ba a sake yin mai miya kamarta ba. Ta kira ni tana kuka tana sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina amsa mata da amin. Allah Ya yafe mini wannan ƙaryar.

Ki huta, Ramatu. Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa inda kike babu hayaƙi. In na zo zan kira sunanki da ƙarfi tun daga nesa, kuma wannan karon sai kin fito.

Taki har kullum,
Indo, ta gaban zana