Karatun da Ke Bayan Zaure

Daren Laraba, watan Rajab, Tudun Wada

Baturen makaranta ya sa ni binciken yadda ake koyar da yara a unguwar nan. Na bi malamai zaure-zaure ina tambaya, har na yanke cewa 'yan mata ba sa karatu. Da na faɗa wa Yaya Hajara ɗazu, sai ta ajiye mazarinta.

"Haba Garba, ai a zaure ka tsaya! Wa ya fara biya maka Fatiha, ba Inna ba ce, a tsakar gida?"

Kunya ta rufe ni. Gobe ba abin da zan kai wa Bature, ko da zai kore ni. Yaya za ta shiga gidajen ta tambayo mini tukuna. Ba zan shafe Inna da alƙalamina ba.