Tukunyata Ba Za Ta Bar Titin Fremont Ba

Yaya Kaipo,

Gaisuwa mai yawa daga Las Vegas, birnin caca. Ya ƙafar Mama, ta fara takawa? Ka gaishe min da matarka Leimomi da yara da mutanen garinmu Hilo da na tsibirinmu baki ɗaya.

Lafiyata ƙalau. Gaskiya ne na saki ɗakin haya ina kwana a bayan shagon abincina, amma wurin bai matse sosai ba, kada ka faɗa wa Mama.

Titinmu na Fremont ne yake ta canzawa. Shagon mai gyaran takalma ya zama mashaya, na mai zoben aure ya koma wurin zanen jiki. Makon jiya Delgado mai aski, maƙwabcina tun zuwana, ya kwashe kujerunsa. Ya ce, "Ke ma ki tattara, 'yar tsibiri. 'Yan cacan yanzu sha kawai suke, ba sa zama cin abinci."

Na ce, "To masu share musu ƙasa fa, iska suke ci?"

Ya yi dariya har da hawaye, ya bar min madubinsa.

Mai ginin ya ce ko in fara sayar da giya, ko in tashi. Na ƙi giyar. Na samu wani tsohon shagon wanki a ƙarshen titi, rufinsa yana yoyo. Mutanenmu masu raba kati a gidajen caca da masu gyaran ɗakunan otal sun ce ranar hutunsu za su zo mu gyara shi.

Ka aiko min jan gishirin gida, nawa ya kusa ƙarewa. Ka ce wa Mama ta daina gyara min gado. Zan zo, amma ziyara, da tikitin dawowa a jakata.

Allah ya tsare min ku.

Ƙanwarka,
Nohea