Firigona Yana Neman Cinye Ni

Malama Zinatu,

Yau Talata. Jiki da sauƙi, tarin ya lafa, gwiwoyi ne dai ba su san sulhu ba. Ki taimake ni da shawara tun ba a yanke mini wuta ba.

Na yi ƙuruciyata ina aikin haƙar uraniyom a nan Arlit, a gidan kamfani nake zaune. A can ba a biyan kuran, wato wutar lantarki. Fitila kan wuni a kunne, fanka na juyawa a ɗakin da ba kowa, ba wanda ya taɓa nuna mana inda kontar auna wuta take. Da kasuwar uraniyom ta faɗi aka sallame mu, na koma cikin gari da hannun nan nawa da bai iya kashe komai ba. Faktir ta farko da ta zo, takardar kuɗin wuta, na mayar wa mai kawowa, na ce ta gidan burodi ce ya ɓata hanya. Ashe tawa ce. Yanzu sun ce in wata ya ƙare ban cika ba, za su yanke.

Babban ɓarawon na san shi, firigona ne. Ƙato ne, da shi na baro gidan kamfani, yana gurnani kamar raƙumin da aka yi wa lodi. Ba nama a ciki, ba nono, ruwa ne kawai. Marigayiya matata Dije ta sha cewa mu sayar, na ƙi.

Ga abin da ya hana. Ɗana yana Tahoua, kuma tun da aka fara tawaye hanya ba ta biyuwa sai da rakiyar soja. Ba mai leƙo ni don ni. Amma saboda ƙanƙara gidana ba ya rabuwa da sallama. Matan maƙwabta na zuwa, da Akoli mai gadi, da makiyayan da fari ya koro gari. Kowa ya zo sai in buɗe masa, mu ɗan taɓa hira. Wani ma da gangan nake daɗewa ina neman robar ruwan da ya ajiye, ƙofar firigo a wangale. In na kashe shi, wa zai zo? In ban kashe ba, a yanke.

Ghissa, abokin aikina na da, ya ce zai zo yau ya duba shi. Na dafa shayi har ya huce, bai zo ba.

Tsoho Mai Firigo, Arlit

Baba,

Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka sayar, kada ka kashe. Faktir gaskiya ce, kaɗaici ma gaskiya ne, kuma ba sai ka zaɓi ɗaya ba.

Fara da hannun nan naka. Ɗakin da ka fita, kashe fitila da fanka. In mantuwa ce, ɗaura ƙyalle a marikin ƙofa ya riƙa tuna maka. Da rana buɗe taga ya isa.

Shi kuwa firigo, janye shi daga bango, inda rana ba ta dukansa. Kankare ƙanƙarar da ta daskare a jikinsa, tana sa shi wahala. Maƙala takarda a ƙofar ka rufe. In ta zare da sauƙi, robar bakin ta mutu, a sake ta. Ruwan famfo na Arlit da zafinsa yake zuwa, to ya huce a randa kafin ya shiga. Gobe kuma ka je ofishin wuta da kanka ka roƙi biya kaɗan-kaɗan. Wanda ya zo da ƙafarsa an fi saurarensa.

Abin da ya fi cin kuran shi ne buɗe-buɗen nan. Sanar da maƙwabta cewa ƙanƙara sai bayan la'asar, sau ɗaya. Shimfiɗa tabarma a inuwa, ɗora shayi. Wanda a da yake karɓa a tsaye ya wuce, yanzu zai tarar da mutane, sai ya zauna jiran layi. Wasu za su yi ƙorafi, amma a zafin nan ba mai yin fushi da ruwan sanyi.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa tabarmar ta yi muku kaɗan.

Zinatu