Gabarar Gidan Baba Mahmudu

Madina, 20 ga Safar 1400

Zuwa ga maiɗakina Innayatu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, da ɗiyarmu Hajo da maigidanta, da duk mutanen Ɓaɓura. Yaya ciwon gwiwar nan taki? Ina gaida Malam Jumare da ke karanta miki wannan takarda, Allah ya saka masa da alheri. Ni lafiyata ƙalau, in ban da kewa.

Albishirinki. Shekara guda da wata biyu ke nan tun da alhazan garinmu suka koma ni na tsaya, kuma kin san abin da ya tsayar da ni: in samu hanyar da ke ma za ki zo ki ga garin Annabi da idonki. To, hanya ta samu. Baba Mahmudu, dattijon da nake yi wa aikin lambu, wanda ya yi mini iƙama, wato takardar zama, shi ya yi mini alkawari. A nan aka haife shi, kakansa ne ya zo da ƙafa daga ƙasar Katagum, amma Hausa na bakinsa raɗau, sai dai yakan yayyafa mata Larabci.

Bayan gidansa a unguwar Khalidiyya akwai garka mai dabino goma sha huɗu. A kusurwarta akwai tankin ruwa na siminti da ke yoyo, nan gabara ta samu wurin zama. Mutanen nan gasab suke ce mata. Ta fi ni tsawo sau biyu. Saiwarta ta bi ta ƙarƙashin katanga ta ɓullo a tsakiyar shagon tela da ke haya a gaban gidan, ta ɗaga daɓen ta tsaga bango. Lebura uku aka sa suka sare ta, ta dawo. Baba ya ce mini ranar da na zo na ce masa ta mutu, ranar zai sa a fara neman takardarki, ki zo a kan sunansa ki riƙa taimaka wa iyalinsa.

Dariya ta kusa kama ni. Ni da na shekara talatin ina noman gero, a tsorata ni da ciyawa? Na sare ta, na daddatse saiwar da fartanya ƙanana ƙanana, na yi huɗa na binne ta kamar yadda muke yi a gida, na baza kunyoyin har ƙarshen garkar don dabinon su samu taki. Kwana tara na gama. Wurin ya yi fes, har telan ya aiko mini da shayi. Baba ya ce mu ɗan jira zafi ya shigo mu gani. Ki fara koyon tafiya da takalmi, don ƙasar nan tana ƙona ƙafa.

Ki huta lafiya. Naki,
Maiwada

Madina, 11 ga Sha'aban 1400

Zuwa ga Innayatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata damina ta sauka muku da albarka, kuma gwiwa ta yi sauƙi. Na ga takardarki ta hannun ɗaliban jami'a da suka dawo. Na karanta ta har ninkin ya fara yagewa.

Ban san ta inda zan fara ba, don kunya. Cika bakin da na yi miki ya dawo mini. Da zafi ya shigo na fara ban ruwa, sai na ga tsiro jere reras a kan kowace kunya, kamar ni na shuka. Ashe kuwa ni na shuka. Gabarar da a da take kusurwa ɗaya, yanzu ta cika garkar daga bango zuwa bango.

Akwai wani Abdou, mutumin Gaya ta Nijar, ɗan bakin kogi ne, yana aikin dabino a Badar, yakan zo sallar Juma'a. Na kawo shi ya gani. Ya tsaya ya riƙe baki, ya tambaye ni wane maƙiyin gidan ne ya yi wannan aiki. Da na ce ni ne, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce ciyawar tudu ce ake binnewa ta ruɓe. Ita gabara, duk guntun saiwar da ke da gaɓa ɗaya, ko bai wuce ɗan yatsa ba, iri ne. Garin gyaran gira na tsone ido.

Ya koya mini yadda ake yi. A fara toshe yoyon tankin. A daina kwarara ruwa a garka, a riƙa kai wa kowane dabino nasa a gindinsa da bokiti. Sannan a haƙa ƙasa da diga har zuwa ƙugu, taki ɗaya bayan ɗaya, a tankaɗe ta da rariyar waya, a tsince kowane guntu. A shanya su a kan rufin gida, kada su taɓa ƙasa, sai sun bushe ƙayau a ƙone. Kada a zubar ko ɗaya a bola, don kada a kai wa maƙwabta annoba.

Na je na faɗa wa Baba gaskiya, kaina a ƙasa. Bai yi faɗa ba. Ya ce alkawari yana nan inda yake. Wallahi da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Yanzu ni kaɗai ne a cikin rami tun daga hantsi har la'asar. Wata rana nakan wuni ban yi Hausa da kowa ba sai da gabara, ita kuwa zagi kawai take sha. Da kina nan da kin tsaya a bakin ramin kin ce mini sannu manomin Sarki, na san halinki. Ko tsiyar taki ma kewarta nake yi. Malam Jumare, a yi haƙuri a karanta mata wannan yadda yake.

Bana dai ba zai yiwu ba. Ki ƙara haƙuri.

Naki,
Maiwada

Madina, 2 ga Jimada Sani 1401

Zuwa ga Innayatu,

Sallama da gaisuwa irin ta kewa. Barka da samun ƙaruwa, Allah ya raya jikanmu, ya ba Hajo lafiyar shayarwa. An yi suna ba ni, an yanka rago ba ni. Na sayi 'yar hula na ajiye masa, ko da yake na san kafin ta isa kansa ya fi ta.

Aiki ya zo ƙarshe, ko kusa. Wata goma ina tankaɗe ƙasar mutane kamar mai neman zinariya. Tafin hannuna ya yi kanta, bayana ba ya miƙewa sai na dafa bango. An gyara daɓen shagon tela, ba abin da ya sake ɓullowa. Garkar ta yi tas.

Amma akwai abin da ya faru da nake so ki ji daga bakina. Baba ba shi da lafiya, tun sanyi yake kwance. Ranar Litinin ya sa aka kira ni ɗakinsa. Ya rame sosai. Ya ce daga taga yana ganin garkar, ransa ya yi fari. Ya ce ɗansa Sharfuddeen, wanda ke aiki a Yanbu can bakin teku, zai zo ƙarshen mako, in gabara ta mutu in faɗa masa yanzu ya sa yaron ya fara zirga-zirgar takardarki.

Innayatu, da safen nan na ga toho uku a bayan tankin, a wani lungu da saiwar ta shige ƙarƙashin siminti. Ba a hango su daga taga. Ba wanda ya san da su sai ni da Allah. Kalma ɗaya ce tsakaninki da Madina, ta zo har bakina. Sai na tuna mahaifina bai taɓa cewa ya gama noma ba alhali da sauran ciyawa a kunya, kuma ga mutum kwance ya yarda da ni bayan ɓarnar da na yi masa. Na ce masa saura uku. Ya yi murmushi, ya ce to in sun mutu in dawo, wata ɗaya ko biyu ba komai ba ne a wurin wanda ya jira shekara biyu.

Na fito na zauna a gindin dabino na daɗe ban tashi ba. Ban san ko daidai na yi ba. Abdou ya ce sai an fasa gefen tankin kafin a kai ga saiwar, gobe zan fara. Ki yi wa Baba addu'a, ki sa Malam ma ya yi.

Naki har kullum,
Maiwada

Madina, 9 ga Shawwal 1401

Zuwa ga Innayatu,

Bayan gaisuwa, ina yi muku barka da Sallah, da fatan kun yi azumi lafiya. Ina gaida Hajo da yaron. Malam, don Allah wannan takardar a karanta mata ita kaɗai.

Baba Mahmudu ya rasu ranar bakwai ga Rajab. Mun kai shi maƙabartar Baƙi'a, ni ma na kama makara. Kwana goma sha ɗaya bayan haka na ciro saiwar ƙarshe daga ƙarƙashin tankin, tsawonta ya kai kamu huɗu. Na shanya ta na ƙone. Na jira zafin bana ya kai ƙarshen ƙarfinsa, na kwarara ruwa a garkar da gangan don in gwada ta. Ko tsinke bai fito ba. Gabara ta mutu, ba wanda zan je in faɗa wa.

Da aka gama zaman makoki na sami Sharfuddeen. Yaron kirki ne, ya ba ni kujera, ya zuba mini shayi da hannunsa. Ina yi masa Hausa yana ji, yana amsa mini da Larabci, ni kuma ina tsintar rabi. Abin da na fahimta ya isa. Mahaifinsa bai taɓa faɗa masa wannan magana ba. Ya tambaye ni ko akwai rubutu, ko akwai wanda ya ji. Babu. Mu biyu ne a gindin dabino ranar, kuma ta yaya zan dubi dattijo mai furfura in ce ya rubuta mini, kamar ina zargin bakinsa? Bai ƙaryata ni ba. Ya ce dai mahaifiyarsa za ta koma Yanbu wurinsa, gidan ba sauran iyalin da za a taimaka wa, kuma magada sun riga sun yarda a rushe a gina shaguna da masaukin baƙi.

Makon jiya motar haƙa ta zo. Na tsaya a bakin titi ina kallo. Kafin azahar ta kwashe ƙasar garkar gaba ɗaya, zurfin da ya fi tsayina, aka loda a manyan motoci aka tafi da ita. Ƙasar da na tankaɗe da hannuna, taki ɗaya bayan ɗaya. Ban yi kuka ba sai da na koma ɗaki.

Tun ranar nake juya abin a raina. Da ban binne gabarar ba a farko, da na gama tun Baba yana tafiya da ƙafarsa. Da kuma na ce ta mutu ranar Litinin ɗin nan, da yanzu kina nan kina shan ruwan Madina. Na farko jahilcina ne. Na biyu kuwa da sanina na yi, da rabonki na saya wa kaina gaskiya, ban kuwa tambaye ki ba. Har yau in aka mayar da ni ɗakin nan ban san abin da zan ce ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Sharfuddeen ya ce in zauna in yi gadin ginin. Na yi masa godiya na ce a'a. Na so ƙwarai in tsufa a garin nan a binne ni a cikinsa, amma ba zan iya ci gaba da shiga Harami ni kaɗai ba. Zan biyo alhazan bana in Allah ya yarda. Ranar da zan yi bankwana zan tsaya a gaban kabarin Manzon Allah in isar da sallamarki, in faɗi sunanki da na mahaifinki.

A takardarki ta ƙarshe kin ce kin ɗaure kayanki tun kafin azumi, kin ba Hajo awakinki, kin bi gida gida kin nemi gafarar mutane. Ki karɓo awakin. Ki kwance kayan, Innayatu, ki yafe mini.

Mijinki,
Maiwada