Haihuwa a Katin Zubaida

Katsina, ranar Talata.

Zuwa ga Yaya Larai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Mai'adua. Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba kamar zamanin da. Wayata na sayar a ƙofar asibiti. Wanda ya saya ya ga idona ya yi ja, sai ya yi mini irin cinikin da nake yi wa masu gaggawa a kara, kasuwar shanu. Na karɓa, na gane sana'ar.

Maiɗakina Fadila ta sauka, namiji ne. Amma ki riƙe guɗarki tukuna har ki ji sauran.

Shekaranjiya da hantsi ina tsakiyar dillancin wata saniya aka ce in zo gida, jini ya ɓalle mata, ga ciki bai cika wata tara ba. A Daura suka duba suka ce sai Katsina. A nan kuma suka ce tiyata, yanzu-yanzu, amma a fara ajiye kuɗi. Da yarinyar da ke bayan gilashi ta faɗi kuɗin, na ɗauka har da motar asibitin za su haɗa mini. Na ce a yi ragi, kin san bakina. Ta ce nan ba kasuwa ba ce. Na ce ina da bijimi ɗaure a gida, ta ce ba sa karɓar bijimi. Kuɗin wayar kuwa a jini kaɗai ya ƙare.

Ina tsaye ina haɗa gumi sai ga autanmu Munzali, ma'aikacin gwamnati, da gugaggiyar rigarsa. Ya ja ni gefe ya zaro katin inshorar lafiya na matarsa Zubaida. Wai duk wata ana yankar wani abu a albashinsa, saboda haka shi da iyalinsa in ciwo ya zo ba a tsayar da su a ƙofa. Ya ce Zubaida ce da kanta ta ba shi, kuma ba ta taɓa amfani da shi ba, babu wanda ya san fuskarta a nan. Hoton ya koɗe, fuskar Fadila kuma ta kumbura, wa zai tsaya auna hanci? Yaya, ƙofar da na yi ta roƙo ta ƙi motsi, ɗan robar nan na fitowa ta buɗe har da gaisuwa.

To ga inda abin ya tsaya mini a wuya. A asibitin nan matata sunanta Zubaida Munzali. Shi ya sa hannu a matsayin miji. Ni kuwa "wan maigida" ne. Nas ta leƙo ta ce ina mijin mai haihuwa, na miƙe, sai Munzali ya taka mini ƙafa ya wuce. Yaron bai ƙosa ba, an sa shi a kwalba, kuma uwa da uba kaɗai ke shiga ɗakin. Har yanzu ban ga ɗana ba sai ta taga, shi ma ƙafarsa kawai.

Jiya da aka bar ni na shiga dubiya cikin jama'a, na tarar wata nas tana ce wa Fadila, "Kin yi dacen miji, Hajiya, kullum yana nan." Fadila ta yi dariya har ɗinkinta ya motsa. Me ya ba ta dariya? Ki tambayar mini ita, ke ce babba.

Ki gaida Malam. Na bar ki lafiya.

Ƙanenki,
Mainasara.

*

Mai'adua, ranar Laraba.

Mainasara,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso, kuma guɗa na riga na yi ta tun kafin in kai layi na gaba, har maƙwabta sun shigo. Allah ya raya, Allah ya ba mai jego lafiya.

Sauran zancen kuwa na karanta wa Malam, ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Kai yanzu matarka ta fito daga bakin kabari, abin da ya dame ka shi ne wa aka kira miji? Fadila da Munzali wasan ƙanen miji suke yi tun ranar da aka kawo ta gidanka. Shekara nawa yana ce mata "matarmu" a gabanka kana dariya? Yau don nas ta faɗa sai ya zama laifi?

Na san ciwonka, ba na yau ba ne. Tun da Baba ya cire ka daga makaranta ya kai ka kara, ya bar Munzali ya ci gaba, duk abin da ya shigo hannun yaron nan sai ka auna shi da ido. Har kekensa ka taɓa sace wa iska, ina sane.

Ka koma Daura ka duba 'ya'yanka Raihana da Adawiyya, an bar su da maƙwabta. Ka kama bakinka. Ina nan tafe in na samu mai riƙe mini gida.

Yayarka,
Larai.

*

Daura, ranar Asabar.

Zuwa ga Malam Munzali, mai gidan kati,

Sallama irin ta Musulunci. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da jego, tunda ku ne masu jego. Ni ina nan Daura ina wa 'yan mata dahuwar taliya.

Na rubuto ne don in na zo gabanka sai ka fara yi mini "Yaya, yi haƙuri" da muryar nan taka ta ofis, har in manta abin da ya kawo ni.

Na farko. Abokan aikinka sun ji wai matar Munzali ta haihu, suka yi gayya suka zo asibiti. An ce har da turmin atamfa da katan na sabulu, wani ma ya rungume ka ya ce bayan shekara tara Allah ya share maka hawaye. Ka tsaya ka karɓa kana amin. Ni da na yi ɗawainiyar cikin, ko goro babu wanda ya miƙo mini.

Na biyu, kuma shi ne ya hana ni cin abinci. Fadila ta aiko mini da saƙon baki cewa da aka fito da yaron kai aka miƙa wa, kuma kai ka yi masa huɗuba. Munzali, tun da na yi aure nake jiran ɗa namiji. Na daɗe da shirya abin da zan raɗa masa a kunne, har a kan babur nake maimaitawa. Yanzu muryar da ɗana ya fara ji a duniya taka ce. Boko kai aka ba, albashi kai, gida mai fanka a Katsina kai. Ban taɓa cewa a raba ba. Wannan ɗaya ne nawa, shi ma ka riga ni. Kuma ko sunan da ka sa masa ba ka ga dama ka gaya mini ba.

Gobe kwana bakwai. Zan yanka rago a ƙofar gidanmu nan Kusugu, in liman ya ce wane suna, in ce masa a jira a tambayi Katsina?

To ka ji abin da na yanke. Ranar Litinin zan zo in sami babban likita in ce masa matar nan Fadila ce, mijinta kuma ni ne, dillali ɗan dillali. Zan sayar da bijimina in biya su. A goge sunanka a jikin gadon ɗana a rubuta nawa. Na gode da aron kati, amma ban ce a haɗa da iyalina ba.

Ka gaida Zubaida, ta gaskiyar.

Wanka,
Mainasara.

*

Katsina, ranar Lahadi.

Zuwa ga Yayana Mainasara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina sanar da kai cewa mai jego tana samun sauƙi, ta fara takawa. Yaron ma ya fara karɓar nono ta ɗan bututu.

Game da huɗuba. Da aka fito da shi ba ya kuka, jikinsa ya yi shuɗi. Nas ta ce in akwai abin da zan yi in yi da sauri, za su gudu da shi. Na leƙa ban gan ka ba, ka tafi neman jini. Na ji tsoron ya koma ba a kira masa sunan Allah ba. Sunan Baba na sa masa, Sharfaddeen. Ni ma na daɗe ina ajiye sunan nan, amma shi ne ya zo bakina. Na kasa gaya maka ne don na san abin da na ɗauke maka. Ka gafarce ni.

Kayan da abokan aiki suka kawo suna nan a ɗaure, na Fadila ne. Amin ɗin da na amsa kuwa, ba ka san yadda ta fita ba.

Game da Litinin, ina roƙonka ka dakata. Na tambaya a kaikaice: kuɗin bijiminka ba zai kai yaron ƙarshen mako a kwalba ba, balle tiyatar da aka riga aka yi. Ranar da ka faɗi gaskiya, ranar katin zai daina aiki. Abin da muka yi laifi ne, na sani, kuma ni zan amsa takardar tuhuma a ofis. Wannan ban damu da shi kamar kwalbar ba. Likita ta ce yana buƙatar kamar mako biyu nan gaba. In an sallame su, ka je ka yi masa takardar haihuwa a Daura da sunanka. Babu wanda zai karɓe maka ɗa.

Zubaida tana amsawa. Ta ce a yi suna lafiya.

Ƙanenka mai biyayya,
Munzali.

*

Katsina, ranar Lahadi da yamma.

Mainasara,

Ba doguwar gaisuwa, direba na jira. Na iso Katsina ɗazu, na sauka gidan Munzali, kuma ya nuna mini takardarka. Da kana kusa da sai na ja kunnen nan naka, da gemunka da komai.

Sun ce kada in faɗa maka, ni kuwa ban yi alkawari ba. Zubaida ciki gare ta, wata huɗu. Na gani tun daga yadda ta tashi ta karɓi jakata. Ka san sau uku tana ɓari, shi ya sa wannan karon ko uwarta ba ta gaya wa ba. Satin nan ta yi niyyar fara awo da katin nan. Likitan asibitin kuɗi da ya duba ta a ɓarin ƙarshe ya ce in Allah ya sa wani ya tsaya, kada ta yarda ta haihu sai a asibiti, kuma wataƙila sai an yi mata aiki.

To yanzu a takardun asibiti Zubaida ta riga ta haihu, an yanka ta, tana jego. Wace mace ce za ta koma bayan wata biyar da wani cikin da ya isa haihuwa, ba ko tabo a mararta? Katin ya tashi aiki a wajenta. In ranarta ta zo, ita ma gaban yarinyar nan mai gilashi za su tsaya, kamar yadda ka tsaya.

Na tambaye ta ko ta san haka lokacin da ta miƙa. Ta ce, "Yaya, na sani mana. Tawa da saura, ta Fadila kuwa ta zo." Ta ci gaba da yankan kuɓewarta.

Mutumin da kake cewa ya kwashe komai, ga abin da ya kwasa. In har yanzu kana son zuwa gobe, ka zo, ina bakin ƙofar asibitin.

Larai.

*

Daura, ranar Litinin.

Munzali,

Salamu alaikum. An yi suna jiya, liman ya faɗi Sharfaddeen, jama'a sun ce ya dace. Ban ce musu ba ni na zaɓa ba.

Ba zan zo ba. Ka ci gaba da zama mijin har a sallame su, amma ka rage fara'a.

Bijimin an taya shi yau da safe, na ce ba na sayarwa ba ne. Na ƙara masa dusa da harawa. Nan da wata huɗu zan kai shi kara da kaina, kuma wanda zai saye shi sai ya yi kuka. Ka gaya wa Zubaida ta fara awo gobe a wani asibitin, ni zan ji da su.

Sharaɗi ɗaya ne. Ranar da ta sauka, in nas ta leƙo ta ce ina uban, ka zauna inda kake. Ni za a miƙa wa.

Wanka,
Mainasara.