Si Mubarak Ya Ƙi Cin Kuskus

Assalamu alaikum Lalla Kenza, mai wannan filin shawara da ba ya wuce ni. Taimako nake nema, kuma da gaggawa.

Maigida Si Allal lafiya lau, in ban da gwiwarsa ta hagu da ke sanar da mu zuwan ruwa tun kafin masu rediyo. Ɗana Tariƙ lafiya, har ta yi masa yawa. 'Yata Gizlan kuwa, bari in gyara riƙon alƙalami kada ya suɓuce: ciki gare ta! Shekara tara da aure, mun je asibiti har masu gadi sun san mu, sai ga shi Allah ya kawo. Likita ya ce watan Maris. Ran da ta faɗa mini na rangaɗa guɗa har maƙwabciyata ta hauro da bokitin ruwa, ta zaci gobara ce. Tun daga ranar nake zuba gishiri a shayi, sukari a miya, ba kuma wanda ya isa ya yi mini magana. Marar lafiya ɗaya ne a gidan nan: Si Mubarak, kunkurunmu.

Da hannuna na rubuta wannan. Sai da na haura hamsin na koyi rubutu a ajin manya na masallacin unguwa, don haka a hankali nake tafiya. Na ƙi ba Tariƙ ya rubuta mini ne don na san zai karkatar da zancen wajen ra'ayinsa.

Surukata, Allah ya jiƙanta, ita ta kawo Si Mubarak gidanmu a makon da aka haifi Gizlan, ta ce gidan da ke da kunkuru mugun ido ba ya zama cikinsa. Bin sa Gizlan ta yi ta koyi rarrafe, har yau yayanta take ce masa. A tsohon gidanmu na cikin birnin Meknes, duk shekara da an fara tsinkar zaitun sai ya je gindin lemon tsamin tsakar gida, ya tona, ya shige ƙasa ya yi barcin hunturu. In sanyi ya karye sai mu gan shi bakin ƙofar madafi, ƙasa duk a kansa, yana kallona kamar na makara da karin kumallo. Shekara talatin da wani abu ban taɓa yanke masa shawara ba.

Bana bangon gidan ya tsage, muka koma bene, hawa na huɗu, tayil ko'ina. Yanzu wuni yake bayan injin wanki yana kartar tayil, kuma ya daina ci. Na ba shi latas, ya kau da kai. Na ba shi tumatir, ya taka ya wuce. Na jiƙa masa burodi da madara. Ranar Juma'a na ɗiba masa kuskus da kabewa daga tsakiyar akushi, inda romo ya fi zama, ya dube ni ya mai da kansa ciki. Lalla Kenza, ko mai karanta mita bai taɓa fita gidana bai sha shayi ba. Ba a taɓa kwana da yunwa a ƙarƙashin rufina ba, sai kunkuru zan bari ya yi barcin wata huɗu da ciki wayam? Don haka in ya fara gyangyaɗi sai in ƙwanƙwasa masa baya, in kai shi kusa da kaskon wuta, in shafa masa man zaitun, in sake tura masa abinci.

Gidan ya rabu uku. Si Allal ya ce a bar shi kusa da wuta har sanyi ya wuce, wai tsoho ne ya san ciwon tsoho. Yanzu ma bargo ɗaya suke ja. Tariƙ ya ce ya karanta a wayarsa cewa a firji ake sa su. A firji! Na ce masa duk ran da na buɗe na ga Si Mubarak kusa da man shanu, shi ma sai ya nemi inda zai kwana. Ya ce na fi son kunkuru da shi. Na ce kunkuru bai taɓa faɗuwa jarrabawar tuƙi sau uku ba. Yayana Idris kuma, mai gonar tuffa a Imuzar, zai zo ranar Juma'a, ya ce in ba shi kunkurun ya binne shi a gindin bishiya ya yi barcinsa a can. Amma can ƙanƙara take sauka, ga karnukan makiyaya.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Kwanaki Gizlan ta ce da ni a waya, tana dariya: "Mama, ki kula mini da yayana, tare za su fito da jaririn." Wasa take, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. In ya kwanta bai tashi ba fa? Da wane baki zan gaya wa mai ciki? Na san rai a hannun Allah yake, na yi istigfari, amma zuciyata ta ɗaure shi da jaririn da igiya ɗaya, na kasa kwancewa. Shi ya sa nake tashinsa. In ya buɗe ido sai in ji kamar an ce mini can wajen Gizlan ma lafiya.

In bar shi ya yi barci ko in hana shi? In kuwa barci ne, a ina? Don Allah ki amsa kafin Juma'a, Idris ba ya zama bayan la'asar.

Kaka mai jiran Maris, Meknes

AMSA

Wa alaikumus salam, Mama. Barka, barka, barka! Allah ya raba lafiya. Rubutunki kuwa tsaf, na karanta ban yi tuntuɓe ba.

Ga dukkan alamu Si Mubarak ba ciwo yake ba, shiri yake. Kunkuru kan daina ci da kansa makonni kafin dogon barcinsa, domin abincin da ya kwana a cikinsa ruɓewa yake yi, yana iya halaka shi. Na san zai yi miki ciwo, amma wannan baƙon dole ya kwana da yunwa. Ki daina tura masa abinci, ki daina tashinsa. Ruwa ne buƙatarsa: ki riƙa zaunar da shi a faranti mai ɗan ruwan ɗumi ya sha. Burodi da madara da kuskus ba cimarsa ba ce, ko ya tashi. Ganyen daji ya fi masa. Man zaitun kuma ki bar wa miya.

Kafin komai, ki kai shi wurin likitan dabbobi a wannan makon. In idonsa garau ne, hancinsa a bushe, kuma yana da nauyi a hannu kamar dutse, to ya yi barcinsa. In ya rame ko yana majina, Si Allal ya ci gari: bana ba barci. Sai dai bargo da kasko ba su isa ba, sai da fitila mai ɗumi da haske wuni guda, har ya koma ci sosai. Abin da ya fi haɗari shi ne halin da yake ciki yanzu, ba barci ba farke, yana cin jikinsa.

Tariƙ bai yi hauka ba, masu kiwo da yawa firji suke amfani da shi, amma firji na daban, ba na abinci ba, kuma da kulawa kullum. Ban ga alamar za ki iya ba. Gonar Idris kuma ki yi masa godiya kawai. Ƙanƙara da karnuka da ƙasar da bai sani ba sun yi yawa. Abin da za ki roƙe shi shi ne ya zo miki da buhun ƙasa mai laushi da busassun ganye. A cika akwatin katako mai ƙananan ramukan iska, a rufe da raga saboda ɓeraye, a ajiye a wuri mai duhu da sanyi wanda ruwa ba ya daskarewa, kamar ɗakin ajiya na saman bene in rana ba ta dukansa. Ki leƙa sau ɗaya a mako, ba ƙwanƙwasawa. In kin ga ya yi fitsari ko ya fito yana yawo, ki dawo da shi ɗumi, ki kira likita. Kowa ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu, Gizlan kuwa ta gaishe shi daga nesa.

Saura igiyar nan. Mama, tsoron shekara tara ne kika rasa inda za ki ajiye, kika ɗora wa kunkuru. Shi da ajalinsa, jikanki da nasa, kuma Mai riƙe da su ba ya gyangyaɗi. Ki faɗa wa Gizlan gaskiya cewa yayanta zai kwana a akwati bana. Za ki ga dariya za ta yi. Ki ɗauki hannun nan da ba ya gajiya da ciyarwa ki nufi gidanta da shi, can ne ake da cikin da ke buƙatar kuskus ɗinki.

Biyu gare ki a cikin duhu, kowanne yana jiran lokacinsa, kuma ba wanda ƙwanƙwasawa za ta sa ya fito da wuri. Allah ya nuna mana Maris lafiya. Sai dai wannan karon ki sanar da maƙwabciya kafin guɗar.

Lalla Kenza